Ferrari a Kan Tebur: Tamiya ko Lego?

Mai son haɗa 'yar ƙaramar Ferrari da hannunsa zai iya ɗaukar LaFerrari ta kamfanin Tamiya na Japan, ko kuwa Daytona SP3 ta Lego Technic (kayan wasan kamfanin Lego masu sassan da ake sarƙafawa da juna) da ta fito a 2022.

Ta Tamiya ɗaya bisa 24 ce na girman ainihin motar, tsawonta bai cika santimita 20 ba. Sassanta na roba ne, sai ka yanko kowanne daga firam, ka goge bakinsa, ka manna da gam. Wajen fenti ake yin ta. Ƙura ɗaya ta sauka kafin jan ya bushe, za ta zauna a kan bonet kamar ƙuda a nono. Gam kuma in ya ɗiga a gilashi, tabo ya zauna ke nan. Amma in hannu ya faɗa, kai ka ce motar gaske ce aka tsuke.

Lego ba gam ba fenti. Sassa 3,778 ne, ɗaya bisa 8, tsawonta kusan santimita 59. Fistin ɗin injin V12, wato mai silinda 12, suna hawa da sauka, giya takwas na shiga, ƙofofi na ɗagawa sama. In ka yi kuskure warwarewa za ka yi, ko da yake na cikin giyabos sai an koma baya sosai. Jikinta dai duk ramuka ne, ga tsada ninkin ba ninkin.

Ni Tamiya zan ɗauka, don kamanni nake nema. Wanda motsin inji ke burgewa, ya tanadi faffaɗan tebur.