Yoyon baƙin mai ta sil ɗin kiranshaf: a canza shi ko a zuba magani?

Idan mota ta fara ɗigar da baƙin mai ta sil ɗin kiranshaf (wato zoben robar da ke hana mai fita a inda kiranshaf, ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, yake fitowa waje), hanya biyu ake bi: a zuba maganin tsayar da yoyo a cikin man, ko a cire sil ɗin a sa sabo.

Maganin ya fi araha, minti biyar an gama zubawa. Aikinsa shi ne ya tausasa robar da zafi ya busar, ta ɗan kumbura ta sake kama ƙarfen. Amma in robar ta yage, ko ƙarfen kiranshaf ya ci har ya yi zurfi, asarar kuɗi kawai za ka yi.

Canzawa kuwa ya danganta da wane sil ne, don biyu ne: na gaban inji da na bayansa. Na gaba yana bayan fuli (ƙarfen da bel ke zagayawa a kansa), aikinsa bai da yawa, kuma a motar da ke da tayimin bel (bel ɗin da ke daidaita juyawar sassan inji) bai kamata a jira ba, domin mai yana lalata bel ɗin. Na baya shi ne ciwon kai: sai an sauke giyabos da filawil (faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da giyabos) kafin a kai gare shi. Sil ɗin bai da tsada, kuɗin bakanike ne ke da nauyi. Tunda an riga an buɗe, gara a duba kulochi a lokacin, don mai kan jiƙa shi ya riƙa zamewa.

Ni dai in ɗigon ɗan kaɗan ne a tsohuwar mota, zan gwada maganin. In kuwa yana zuba ƙasa kullum, a canza. Kafin nan a wanke injin a duba da kyau, wani lokacin daga murfin saman inji man yake gangarowa.