Sabunta katin NHIS ta *929#: yadda yake yi wa ƙungiyoyin taimako na zangon Kumasi aiki

Duk ƙungiyar da ke tara taimako a Aboabo, Asawase, Sawaba ko Moshi Zango ta san inda kuɗinta ke tafiya: shinkafa, mai da sukari a watan azumi, nama a Babbar Salla, kayan makaranta ga marayu idan an koma hutu. Sai kuma kuɗin da ba a shirya masa ba, wanda liman ke miƙewa bayan sallar Magariba ya yi shelarsa, a ce wance na kwance a asibiti, a taimaka. Wannan na ƙarshen shi ne ke karya asusu, domin rana ɗaya yake zuwa kuma da nauyi yake zuwa. Idan aka bi diddigi, sau da yawa za a tarar mara lafiyar tana da katin inshorar lafiya ta ƙasar Ghana, wato NHIS, a cikin jaka, sai dai ya mutu tun bara ba wanda ya lura.

Saboda haka ne muka ga ya dace a duba hanyar sabunta katin ta waya, wato *929#, da idon ma'ajin ƙungiya mai ɗauke da gidaje talatin ko hamsin. Hukuncinmu tun farko shi ne: a cikin abubuwan da ƙaramar ƙungiya za ta iya saya wa mabukata, da wuya a sami wanda ya kai wannan araha da amfani. Amma yana da iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba zai biya kuɗi ya dawo ya sake biya.

An kafa tsarin inshorar da doka mai lamba 650 a 2003, aka maye gurbinta da doka mai lamba 852 a 2012. Mafi yawan kuɗinsa na fitowa ne daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kayayyaki da ayyuka, da kuma wani kashi 2.5 daga gudummawar ma'aikata ta SSNIT, wato asusun fansho na ƙasa. Ma'ana, mai sayar da koko a bakin titi ma tana zubawa a ciki duk lokacin da ta sayi abu mai haraji, don haka ba alfarma ake yi mata ba. Sabuntawa ta waya kuwa ta fara ne a Disambar 2018. Kafin nan sai an yi sammako an bi layi a ofishin hukumar inshorar, wani lokaci a wuni a dawo hannu rabbana saboda intanet ta ɗauke.

Aikin kansa ba shi da wuya. Ana danna *929# a kowace irin waya, har ƙaramar mai maɓalli da ake ce wa yam, kuma ba ya cin data. Jerin zaɓi zai fito da Turanci. Kada a fara da biya. A fara da zaɓin duba ko katin yana raye, a sa lambar mutum mai alƙaluma 8 da ke jikin katin, saƙo zai zo da ranar ƙarewarsa. Wannan matakin shi mutane ke tsallakewa, su dogara da kyan katin a hannu, alhali katin roba ba ya nuna ko shekarar mai shi ta cika. Sai bayan nan a koma zaɓin sabuntawa, a sake sa lambar, tsarin ya nuna adadin da za a cire, a amince da lambar sirrin momo, wato asusun kuɗi na waya. Ba dole ne wayar ta zama ta mai katin ba, kuma nan ne daɗin abin ga ƙungiya: ma'aji ɗaya, da waya ɗaya, yana zaune a barandar masallaci, zai iya gama katunan gida goma tsakanin La'asar da Magariba in sabis bai yi gardama ba. Yana aiki da MTN, Telecel da AT.

Inda ya fi yin gardama shi ne wajen amincewa da biya. Ana gama sa lamba a zauna jiran saƙon da zai nemi lambar sirri, shiru. Mai MTN kada ya sake farawa daga tushe. Ya danna *170#, ya shiga ɓangaren asusunsa, ya nemi My Approvals, yawanci buƙatar na nan tana jira. Wanda ya yi ta maimaitawa yana iya tara buƙatu biyu ko uku a kan kati ɗaya, in ya amince da su duka ya shiga wahalar neman a mayar masa da kuɗi. Abu na biyu, shafin yana rufewa idan aka daɗe ba a danna komai ba, don haka a rubuta lambobin a takarda da manyan alƙaluma kafin a fara, ba lokacin ne za a aiki yaro ya ɗauko katin kakarsa a ɗaki ba. Na uku kuma shi ya fi ciwo: alƙalami ɗaya ya kuskure, kuɗin ya tafi kan katin wani bawan Allah da ba a sani ba. Mutum biyu ya kamata su zauna, ɗaya na karantawa ɗaya na dannawa, sannan a jira saƙon tabbatarwa a duba sunan da ya fito kafin a wuce zuwa na gaba. Kada a goge waɗannan saƙonni. Su ne rasit ɗin da za a nuna wa waɗanda suka ba da kuɗinsu. Harajin tura kuɗi ta waya da aka kawo a 2022 an soke shi a Afrilun 2025, saboda haka tara gudummawa a asusu ɗaya ya fi sauƙi yanzu. Duk da haka a ware layi guda na ƙungiya, kada a gauraya da kuɗin kasuwancin ma'aji.

Yanzu ga inda ake asarar kuɗi ba tare da an ji ba. Ba kowa ne ke biyan kuɗin shekara ba. Babban mutum da ba ya aikin albashi, daga shekara 18 zuwa 69, shi ke biya, kuma adadin da hukumar ta daɗe tana bayyanawa yana tsakanin sidi 7.20 da sidi 48, ban da ɗan kuɗin aikin rajista. Dattijo daga 70 zuwa sama ba ya biyan kuɗin shekara, yaro ƙasa da 18 kuwa kuɗin aikin kawai ake biya masa. Haka ma mai zuba SSNIT da ɗan fanshonta. Mace mai ciki, tun 2008, ba ta biyan komai. Haka wanda Sashen Jin Daɗin Jama'a ya tantance cewa ba shi da galihu, da waɗanda ke cikin shirin LEAP na tallafin kuɗi ga matalauta. A ɗauki gida mai mutum bakwai: uba mai faci, uwa mai juna biyu, kaka 'yar shekara 72, da yara huɗu. Mutum ɗaya ne kacal a cikinsu zai biya cikakken kuɗi. Ƙungiyar da ta yi lissafi da kai bakwai ta tsorata kanta a banza, ta fasa abin da take iyawa.

Sai dai waya ba ta san mace ta sami ciki ba, ba ta kuma san mijin wance ya rasu ya bar ta da yara ba. Abin da ke cikin rajista shi take bi. Idan aka danna lambar mai juna biyu, za ta nemi kuɗi kamar kowa. Hanyarta ita ce ta ɗauki katin awo ta je ofishin hukumar na yankinta. Marasa galihu kuma sai sun bi ta ofishin Jin Daɗin Jama'a na ƙaramar hukumarsu, kamar ta Asokore Mampong ga mutanen Aboabo, Asawase da Sawaba. A nan aikin ƙungiya ba biya ba ne, rakiya ce: mutum ɗaya mai jin Turanci da Tuwi, da kuɗin pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, zuwa da dawowa. Tsohuwar da ba ta jin wani yare sai Hausa, in aka ce ta je ita kaɗai, ba za ta je ba, kuma ba laifinta ba ne.

Batun da ya fi kowanne muhimmanci shi ne lokaci. Sabon shiga, da wanda ya bar katinsa ya mutu fiye da wata uku, sai ya jira wata ɗaya bayan biya kafin katin ya fara aiki. Masu ciki da yara ƙasa da shekara biyar na cikin waɗanda wannan jira bai shafa ba. To a dubi yadda muka saba yi: sai mutum ya kwanta, an kai shi asibiti, sannan wani ya zaro waya ya ce bari a sabunta masa. Kuɗin zai fita, saƙo zai zo, amma jinyar wannan makon daga aljihu za a biya ta. Daga nan ake cewa inshora ba ta aiki. Maganin wannan matsala littafi ne, na sidi kaɗan, mai shafi goma sha biyu, kowane wata da shafinsa. A rubuta sunan mutum, lambarsa, rukuninsa da ranar ƙarewar katinsa a shafin watan da ya dace, a sa Juma'ar farko ta kowane wata ta zama ranar buɗe shafin. Ƙungiyar da ke jiran azumi ta yi komai lokaci guda za ta tarar wasu katunan sun riga sun haura wata ukun. A kuma sa alama a gaban sunan duk yaron da zai cika 18 a shekarar, domin kuɗinsa zai tashi zuwa na manya.

Ta wannan lambar ce kuma ake haɗa NHIS da Ghana Card, yadda katin ɗan ƙasar kaɗai zai wadatar a asibiti. Abu ne mai kyau, amma a zango yana yawan cijewa, kuma dalilin namu ne na gida. Mutum ɗaya Abubakar ne a wannan kati, Bukari a wancan. Wani Husaini a nan, Fuseini a can. Dattawa da yawa kuwa ranar haihuwarsu ƙiyasi aka yi, kuma ƙiyasin ma'aikacin farko bai zo ɗaya da na biyun ba. Idan bayanan suka saɓa, haɗin na iya ƙi, kuma babu dannawar da za ta gyara shi, sai ofis. Sabuwar rajista ma ba a *929# ake yinta ba. Akwai manhajar MyNHIS da aka fitar a ƙarshen 2022 ga mai babbar waya da Ghana Card. Wanda ba shi da su, irin baƙinmu daga Nijar ko Burkina da 'yan matan da ke dako a kasuwar Kejetia, ofis ne hanyarsa.

Me katin ke saye in yana raye? Ganin likita, zazzaɓin cizon sauro, gudawa, hawan jini, ciwon suga, awo da haihuwa har da ta tiyata, aikin ƙaba, cire yanar ido, cire haƙori, kwanciya a babban ɗakin marasa lafiya, da magungunan da ke cikin jerin hukumar. Waɗannan su ne ainihin cututtukan da ke cinye jarin mai ƙaramar sana'a. Dattijuwa mai hawan jini da ke karɓar maganinta duk wata da kati, ita ce ba za a wayi gari ana shelar shanyewar ɓarin jikinta a masallaci ba, in Allah ya kiyaye. Abin da ba ya ciki kuma a faɗa wa mutane ƙarara tun ranar farko: gilashin ido, na'urar ji, haƙoran roba, ɗaki na musamman, dashen gaɓa, kuɗin ajiye gawa, da yawancin cututtukan daji ban da na mama, na bakin mahaifa da wasu huɗu na yara.

Akwai kuma ƙa'idar da ke ba mutanen Kumasi wahala saboda babban asibitin Komfo Anokye na kusa da mu. In ba larurar gaggawa ba ce, ana farawa ne daga ƙaramin asibiti, kamar na Manhyia ko na Tafo, su ne za su ba da takardar turawa zuwa babba. Wasu dattawa kuma har yanzu suna tsammanin katinsu na ɗaure ne da asibiti guda. Wannan ragowar tsarin da aka gwada ne a jihar Ashanti daga 2012, wanda aka dakatar a 2017. Yanzu duk cibiyar da hukumar ta amince da ita tana karɓa.

Ba za mu ɓoye raunin da kowa ya sani ba. Akan je da kati mai rai a ce maganin ya ƙare, a rubuta takarda a sayo a waje. Akan kuma nemi ƙarin kuɗi a kan abin da inshora ta riga ta ɗauka, abin da ita kanta hukumar ta sha bayyana cewa haramtacce ne, su kuma cibiyoyin lafiya suna danganta shi da jinkirin biyansu da ƙarancin farashin da aka yanke musu. Mai rakiya ya tambaya cikin ladabi ko maganin na cikin jeri, in yana ciki ya nemi a nuna masa kantin magani mai karɓar NHIS, in kuma an karɓi kuɗi ya nemi rasit. Saboda wannan ne ba mu ba da shawarar a zuba duk kuɗin lafiya a sabunta kati. A bar wani kaso a gefe, ko da kashi ɗaya cikin uku ne, don magani, gwaji da kuɗin mota.

Daga wane asusu za a biya? Malamai sun yi magana a kan sharaɗin mallaka wa mabukaci zakkarsa a hannu, don haka a tambayi malamin unguwa kafin a taɓa kuɗin zakka. Mafi sauƙi shi ne a biya daga sadaka da gudummawar wata-wata. Littafin sunayen kuwa ya zauna hannun mutum biyu kawai, a bi gidaje a karɓi lambobi a asirce, mata su shiga wajen mata. Kada a ɗauki hoton katin kowa a jefa a zauren WhatsApp na ƙungiya, ko da da niyyar nuna wa masu bayarwa cewa an yi aiki. Jimillar adadi da saƙonnin biya, an rufe sunaye, sun isa shaida a taron ƙarshen wata.