Shagon gyaran keken tsere a Garwa: hannu akwai, kayan gyara ne sai an jira

Duk mai keken tsere a Garwa ta arewacin Kamaru zai gaya maka sayensa ya fi riƙe shi sauƙi. Masu faci sun cika gari, kowace inuwar darbejiya da mai famfo da kwanon ruwa a gindinta, amma hannunsu ya saba da Phoenix da kekunan dakon kaya. Ka miƙa musu mai siririyar taya da giya goma sha takwas, kafin ka gama bayani an ɗauko guduma. Shi ya sa na ga ya kamata in ba da labarin wani shago da ke wajen filin ƙwallo na Roumdé Adjia, inda muke kai keken ɗan ƙanena. Babu allon suna a ƙofa. Yaran da ke koyon aiki Maigida suke ce wa mai shagon, mu ma muka bi sahu.

Ni yadi nake sayarwa a babbar kasuwa, keke ba fagena ba ne. Yaron ne ya jawo ni, shi kuma Biniam Girmay ne ya jawo shi. Hoton Girmay da koriyar riga yana manne a bangon shagon, sama da inda ake rataye sifanu, kuma duk yaron da ya shigo ya haddace labarin: ɗan Asmara ta ƙasar Eritiriya, haihuwar shekarar 2000, wanda ya ci tseren Gent-Wevelgem a Beljiyam a 2022, ya ci zango ɗaya a gasar Giro ta Italiya a wannan shekarar, murfin kwalbar bikin nasara ya buge shi a ido har ya janye daga gasar. A 2024 ya ci zango uku a Tour de France, ya koma gida da koriyar rigar mai yawan maki. Iyakar abin da yara suke ji ke nan. Maigida kuwa, in suka fara, sai ya ja su baya. Yakan tuna musu cewa kafin duk wannan sai da aka ɗauki Girmay zuwa cibiyar horarwa ta hukumar keke ta duniya da ke Aigle a Suwizalan, kuma nasarar da ta fara fito da sunansa cikin manya a nan maƙwabta ya yi ta, a tseren Tropicale Amissa Bongo na Gabon a 2019, bai cika shekara 19 ba. Sannan ya ƙara da cewa a bayan kowane ɗan tsere irin wannan akwai makanikai da ke wanke keke su duba shi kowane dare. "Kai wa zai wanke maka?" Sai ya miƙa wa yaro tsumma.

Ranar sayen keken ce ta sa na amince da shi. Kekunansa gwanjo ne, daga Turai suke shigowa ta Duwala. Guda biyu suka yi daidai da aljihunmu, ɗaya na kabon, baƙi wuluk, ana ɗaga shi da yatsa biyu, ɗayan na alminiyam, fentinsa duk ya kankare. Ba sai na faɗi wanda yaron ya rungume ba. Maigida ya kifa baƙin, ya haska tocilan ƙarƙashin inda feda take shiga, ya nuna mana wani ɗan layi siriri, ya ce, "Alhaji, wannan ya taɓa faɗuwa. Kabon ba ya lanƙwasa ya yi maka kashedi, karyewa yake yi gaba ɗaya, kuma ba mai walda da zai iya masa komai." Wanda ya fi tsada ya hana mu saya. A kasuwa na girma, na san abin da hakan yake nufi.

Bai bar mu mun tafi haka ba. Ya sa yaron ya cire takalmi ya jingina da bango, ya auna tsawon ƙafarsa da tef irin na tela, ya ɗaga sirdi, ya sauke kan keken kaɗan, ya ce ya zagaya ya dawo. Yana tsaye yana kallon gwiwarsa. Ya sake taɓa sirdin. Yaron da yake kukan ciwon gwiwa a keken aro, tun daga ranar ban sake jin zancen ba.

Inda ya fi kowa a garin nan shi ne miƙar da wili. Titunanmu kowa ya san su, rami ɗaya ya isa ya sa ƙafar keke ta riƙa rawa tana gogar birki. Yawancin masu gyara sukan ɗaure wayar da ta saki iya ƙarfinsu, su ce an gama, bayan kwana kaɗan maƙwabciyarta ta tsinke. Shi kuwa cire wilin yake yi ya ɗora a kan wani ƙarfe da ya haɗa da kansa daga tsohon keke, ya juya, ya kasa kunne, ya taɓa wannan waya kwata, ya sassauta ta ɗaya gefen kwata, ya sake juyawa. Yana yi yana fizgar wayoyin kamar mai gyara tsirkiyar garaya, don daga sautin yake gane wadda ta fi 'yan'uwanta ɗauri. Aikin yakan ci masa kusan awa guda, kuma ba ya amsa gaisuwa a lokacin, kada ka ɗauka girman kai ne. Wilin baya da ya miƙar mana ya sha damina ya shiga hunturu bai motsa ba.

Maganar sarƙa ma ya koya mana abin da ya rage mana asara. Giyar keken namu ƙirar kamfanin Shimano ce, samfurin Sora, faranti tara na haƙora a baya. Samfurin Claris takwas ne, Tiagra goma, kuma duk yadda giya ta ƙaru sarƙa tana ƙara sirancewa, saboda haka ba kowace za ka saya a kasuwa ta hau ba. Ƙurar hunturu in ta haɗu da baƙin mai sai ta cinye sarƙa da haƙora tare. Ya hana yaron zuba man inji, ya ce a wanke da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mai kaɗan a goge saura. Yana da wani ɗan ƙarfe da yake auna miƙewar sarƙa da shi. In ya faɗa ciki, canji ya zo, ko da a ido tana nan lafiya.

To, sai aibin. Kayan gyara babu. Taya mai lamba 700 da faɗin milimita 25 ko 28, da tib mai siririn bawul, da robar birki ta keken tsere, duk sai an aika Yawunde ko Duwala, wani lokaci a sa 'yan kasuwar da ke shiga Najeriya su taho da su. Wannan ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Laifinsa shi ne alkawari. "Jibi in Allah ya yarda" a bakinsa yakan kai mako biyu, kuma ba zai kira ka ya ce an samu tsaiko ba. Akwai lokacin da wayar giya ta tsinke ana gab da wani ɗan tsere da matasa suka shirya a tsakaninsu, yaron ya yi ta zarya yana dawowa da "Baffa, har yanzu", ƙarshe a gefen titi ya tsaya yana kallon abokansa. Ba ya rubuta rasit, sai dai ka riƙe lissafi da kanka. Kuma in ba ya nan, kada ka bar keken a hannun yaransa: faci sun iya, amma saitin giya sai su ɓata wanda yake daidai. Hular kwano ma 'yan kaɗan gare shi, tsofaffi, ban ba kowa shawarar ya saya a can ba, tunda hular da ta taɓa buguwa ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba.

Kuɗin aiki bai taɓa sa ni tsaki ba. Miƙar da wili sefa dubu biyu ya karɓa, wanke keke gaba ɗaya da sa giris a boris dubu biyar. Kayan da aka aiko daga kudu ne suke da zafi, taya ɗaya mai kyau takan fi kuɗin aikin wata da wata.

Akwai kuma abin da ba a biya. Shagon ya zama matattarar 'yan keken unguwa, ana hira da Hausa da Fulatanci da Faransanci a cakuɗe. Daga nan suke tashi bayan sallar asuba su nufi Pitowa, masu ƙarfi su miƙa hanyar Ngong, su juyo kafin rana ta ɗaga, don a watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40. Maigida ba ya ruɗin yara. Yana gaya musu Asmara tana kan tudu da ya haura mita 2,300, mu kuwa muna cikin kwarin Binuwai, kuma manyan tseren ƙasar nan irin su Grand Prix Chantal Biya a kudu aka fi yin su. Wanda yake so ya bi sawun Clovis Kamzong, ɗan Kamarun da ya ci Tour du Cameroun a 2015, sai ya nemi kulob da lasisi, ya yarda zai yi nisa da gida. Ƙanena, uban yaron namu, ya ce sai ya gama makaranta tukuna, ni ma ina bayan uban.

In za ka je, ka je da safe kafin ƙarfe tara, ranar Juma'a kuwa da wuri yake rufewa. Ka tambaya ko Maigida yana nan kafin ka sauke keken. Duk abin da za a aiko daga kudu, ka sa a kawo biyu, musamman tib da wayar giya, kuma kada ka biya kuɗin kaya duka sai ka gan su a hannunsa.