Na biya dala, aka naɗa kakan babana Sarkin Musulmi

Wata huɗu na yi ina biyan shafin nan na binciken salsala a intanet. Ba zan kama sunansa ba, waɗanda suka taɓa shiga sun san shi, sun kuma san abin da yake zara daga katin mutum duk ƙarshen wata, da dala, a wannan marra.

Rasuwar babanmu ce ta kai ni. A zaman makoki wani ɗan ƙanena ya tambaye ni asalin gidanmu, na buɗe baki na ga abin da na sani bai wuce mutum uku ba. Kakanmu an haife shi a shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, wato 1911. Mahaifinsa Malam Garba, mahaifin Malam Garba kuma Muhammadu ne da ake yi wa laƙabi da Bello. Nan igiyar ta tsinke. Na ji kunya sosai, a daren na yi rajista.

Tun daga cike gurabe aka fara samun matsala, amma ban kula ba. Shafin ya nace sai na ba shi sunan dangi irin na Turawa, wanda ake gada daga uba zuwa jika. Mu ina muka ga wannan? A gurbin suna na rubuta Abubakar, tunda kowa ya san Garba Abubakar ne, a na dangi na sa Bello. Gurbin shekara na bar shi fayau.

Bayan kwana shida sai ga saƙo, wai an gano dangina a salsalar wasu mutane. Na buɗe. Abubakar, ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ba mutum ɗaya ya rubuta ba, salsala bakwai ce, duk bakinsu ɗaya. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Akwai wani maɓalli da in ka danna zai kwaso komai ya zuba a taka, na danna ko Bismillah ban yi ba. Nan take mutum uku suka zama ɗari da wani abu, har da Nana Asma'u a gefe a matsayin gwaggon kakan babana. Na ɗauki hoto na tura zauren WhatsApp na gida. Baffa ya aiko da kabbara ta murya. Kafin azahar ɗan ƙanen nan nawa ya ƙara “Fodiyo” a sunansa na Facebook.

Ranar Juma'a na je gaishe da Gwaggo, yayar babanmu, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na tarar da ita a kan tabarma tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na miƙa mata waya ina ta bayani. Ko kallon wayar ba ta yi ba.

“Wane Abubakar ɗin?”

Na ce Malam Garba mana, Gwaggo, ashe jikan Shehu ne.

Ta zubar da tsakuwar da ke hannunta, ta ce, “Kai ɗan nan, Malam Garba da idona na san shi. A zaurensa muke wasa, in ya kwance huhu shi yake ba mu ɓarin goro mu kai wa iyayenmu. Mu Agalawa ne, fatake, Gwanja muka sani da Salaga. Toronkawa ina, mu ina? Bellon da kake faɗa sunan Sarkin Musulmi ya ci, kamar yadda rabin garin nan suka ci.” Ta ci gaba da tsintar wakenta. Da na tashi tafiya ta ƙara da cewa in na koma in gaishe da Baturen da ya gaya mini.

A daren na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na duba shekaru. Abubakar ɗin da aka liƙa mana shi ne Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, kakan Sardauna, wanda ya hau mulki a 1873 ya rasu a 1877. Kakana kuma 1911. Shekara 34 tsakanin rasuwar uba da haihuwar ɗa, kuma shafin da nake biya bai ko yi tari ba.

Sai na bi salsalar nan bakwai ɗaya bayan ɗaya ina neman hujjarsu. Babu takarda ko ɗaya. Ta farko hujjarta ta biyu, ta biyu hujjarta ta biyar, ta biyar ta dawo kan ta farko. Mutum ɗaya ne ya yi zato, shida suka kwafa, ni da na zo na ƙirga su shaidu bakwai. A ɗaya ma an rubuta an haifi Muhammadu Bello a “Najeriya”, alhali ya rasu tun 1837, Kudu da Arewa kuwa sai 1914 aka haɗe su.

Don Allah kada a ce na zalunce su, zan faɗi gaskiya. Injin nasu suna yake dubawa da gari da kusancin shekara, kuma inda aka gina shi akwai takardun da za su kama shi in ya yi ƙarya. Amurka tana ƙidaya duk shekara goma tun 1790, ana kuma sakin takardun da sunayen mutane bayan shekara 72, shi ya sa ta 1950 ta fito a 2022. Ingila tun 1837 gwamnati ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa, ga littattafan coci da suka girme wannan. Wanda kakanninsa ke can, kuɗinsa ba su faɗi ƙasa banza ba. Mu nan dokar da ta tilasta rajistar haihuwa a ƙasa baki ɗaya ta 1992 ce. Tsofaffinmu da aukuwa suke lissafi: shekarar zuwan Turawa, yunwar Kakalaba, shekarar marisuwa. Ga shi jika yana cin sunan kaka, gida ɗaya Muhammadu biyar, Abubakar huɗu. Injin da ke haɗa mutane da suna, a ƙasar Hausa kowa ɗan'uwan kowa ne a wurinsa.

Akwai kuma abin da na ji daɗinsa. Wurin zana salsalar yana da kyau, ya karɓi matan kakana uku da 'ya'yan kowace ba tare da ya rikice ba, kuma ana iya ajiye murya. Na koma wurin Gwaggo sau uku ina naɗar hirarta, ta lissafo mini ƙannen Malam Garba biyu da suka zauna a zangon Kumasi ba su dawo ba. Har na fara cewa to, tauraro uku cikin biyar, a yi haƙuri da juna.

Sai da na je gogewa raina ya sake ɓaci. Shigo da mutanen dannawa ɗaya ce, fitar da su kuwa sai da na kwana biyu ina cirewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin in gama, wasu mutum biyu da ban sani ba sun riga sun kwafi tawa, da sunan kakana, da hoton babanmu marigayi, a ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Na rubuta wa masu shafin, suka amsa da ladabi cewa kowa shi ke da iko da salsalarsa, in tuntuɓi masu ita. Na tuntuɓa. Ɗaya bai amsa ba, ɗayan ya ce ai a wurina ya gani. Yanzu shafin da kansa yana turo mini saƙo cewa an gano kakana a salsala tara, ko ina so in karɓa.

Ana cikin haka suka sake cire kuɗin wata, bayan na tabbata na kashe sabuntawar. Tauraro ɗaya, shi ma don muryar Gwaggo da ke ajiye a can ne, kuma na riga na sauke ta a wayata. Yaron nan har yau bai cire “Fodiyo” ba, ya ce sai na kawo masa takarda.