Yuriya a filin ciyawar kiwo: ganye ya yi kyau, gindi ya ƙare

Mako biyu bayan watsa takin yuriya, duk wanda ya ga filin Napier ɗin, wato doguwar ciyawar da ake shukawa don a yanka wa dabbobi, sai ya yaba. Ganye kore shar, toho ta ko'ina. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin (sinadarin da ke haɓaka ganye), kashi 46 cikin ɗari ke nan, kuma ciyawa ba ta ɓoye shi.

A yanka na uku abin ya lalace. Ganin yadda take tasowa da sauri ya sa aka riƙa yanka duk bayan mako uku, dab da ƙasa. Sai toho ya fara fitowa siriri, wasu gindayen suka ƙi tohuwa sam. Ka kama ɗaya ka ja, ya tuge ba wuya, cikinsa ruwan ƙasa, saiwar 'yar kaɗan. Inda gindi ya mutu kuwa, ciyawar banza ta cike gurbin.

Ciyawa tana tara sukari a gindinta da saiwarta, kuma da shi take fitar da ganyen farko bayan yanka, tunda ba sauran ganyen da zai haɗa mata abinci da hasken rana. Naitirojin yana tura ta ta kashe wannan ajiyar wajen yin ganye. In aka sake yanka kafin ta mayar da abin da ta kashe, kowane zagaye da rumbu mai raguwa take farawa.

Zan iya cewa laifin mai yanka ne, ba na taki ba. Napier tana son mako shida zuwa takwas tsakanin yanka, a bar mata kamar santimita 10 zuwa 15 na kara, a kuma raba takin kaɗan-kaɗan bayan kowane yanka maimakon a juye shi lokaci ɗaya. Amma abin haushi, ba kalma ɗaya a jikin buhun game da tazarar yanka. Haka kuma in aka watsa takin kan ƙasa a rana mai zafi, ruwan sama bai biyo baya ba, wani kaso yana bin iska.

Ga kuma ciyawar da aka yanka da wuri bayan taki mai yawa: ruwa ya fi yawa, sukari ya yi ƙasa, tana iya tara sinadarin naitiret da ke cutar da shanu. Wadda aka danne don ajiya ma ba ta yi tsami yadda ya kamata ba, wari ta yi.