Lekki ko Ada: wanne ya fi dacewa da hutun Disamba?

Hajiya, tambayarki ita ce za ku taso daga Legas zuwa Akara a Disamba ke da yara, kuma kina son wuri ɗaya na bakin teku da za su ga dabbobi da tsuntsaye a muhallinsu ba a keji ba, ko gandun Lekki na Legas ko Ada ta Gana. Toh wuraren biyu duk fadama ce ta gaɓar teku amma gaskiya ba abu ɗaya ake zuwa nema ba.

Lekki dai wuri ne da aka shirya miki komai. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF, ce ta kafa shi a 1990, faɗinsa hekta 78 ne kawai, yana nan bakin titin Lekki zuwa Epe, gidaje da estet sun zagaye shi ta ko'ina. Kina yankar tikiti sai ki hau wata doguwar hanyar katako da aka shimfiɗa a kan fadamar, ƙasanki baƙin ruwa da ganye, samanki birai. Biran nan ba sai kin neme su ba, su za su neme ki, irin masu farin ƙirji da doguwar jela, kuma dan Allah kar yara su riƙe biskit ko leda a hannu don kafin ki ce kwabo an fizge. Akwai dawisu, akwai wani tsohon kunkuru da yara ke so sosai, akwai kada amma ganinsa sai sa'a. Abin da ya fi jan mutane shi ne gadar sama mai tsawon mita 401 da aka buɗe a 2015, tana lilo idan ana tafiya a kai, ƙololuwarta ta haura mita 20, sai dai ba a barin ƙananan yara su hau, kuma in ana ruwan sama rufe ta ake yi. Awa uku sun ishe ku. Matsalarsa biyu, gosulon hanyar da kuma cunkoson ranar Asabar da Lahadi, hayaniya takan yi yawa har tsuntsayen su ɓuya, in za ki je ki je ranar aiki da safe.

Ada kuma wata duniya ce daban. Nan ne kogin Bolta ke shiga teku, kuma gefenta akwai tafkin Songor inda ake haƙar gishiri tun kaka da kakanni. An sa yankin cikin fadamun da yarjejeniyar Ramsar ta ƙasa da ƙasa ke ba kariya a 1992, sannan UNESCO ta ƙara masa matsayi a 2011. Babu get babu katanga, mutane na rayuwarsu a ciki, masunta na jan koma mata na shanya kifi, ke kuma sai ki ɗauki kwale-kwale a zaga da ke tsibirai da cikin itatuwan nan da ke tsirowa a ruwan gishiri saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu, ƙaguwa na ta shiga rami cikin taɓo. Tsuntsaye kam ba a magana, zalɓe da balbela da ƙananan nan masu dogon baki da ke caccakar laka, da yawansu baƙi ne da suka gudo wa sanyin Turai, irin yadda wasu ke sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru a daidai wannan lokacin. Amma fa nesa suke tsayawa, in ba ki da madubin hangen nesa fararen ɗigo kawai za ki gani.

Abin da ya sa ni zuciyata ta fi karkata Ada a Disamba shi ne kunkurun teku. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ne suka fi fitowa yin ƙwai, da daddare, har da babban cikinsu wanda bayansa ba ƙoƙo ba ne, kamar fata yake, ya fi kowane kunkuru girma a duniya. Uwar za ta jawo jiki kan yashi da ƙyar tana nishi, ta tona rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai ta binne ta koma ruwa, sai bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fashe su nufi teku da kansu. Jami'an kula da namun daji na Gana suna da ofis a garin Ada Foah, su ke raka mutane, kuma ki bi dokarsu sosai, ba tocila mai haske ba fitilar kyamara ba taɓawa, don haske na iya sa uwar ta fasa ta juya. Kuma in faɗa miki gaskiya babu wanda zai miki alkawarin za ta fito daren da kuka je, kuna iya takawa cikin yashi har sha biyun dare ba ku ga komai ba, ki shirya wa yaran wannan tun a mota.

Saboda haka ya danganta da shekarunsu. In ƙanana ne da ba za su jure tafiyar dare da sauro ba, ki kai su Lekki kafin ku taso, biri da dawisu tabbas ne. In sun kai goma zuwa sama ni dai Ada zan ce, tunda a kan hanyarku take, bayan kun wuce Aflao kun haye gadar Sogakofe sai ku ratse a mahaɗar Kasseh, ku kwana ɗaya, washegari saura kamar kilomita 100 ku shiga Akara. Ki tabbata an ba kowa rigar ruwa kafin a hau kwale-kwale, kuma kar yara su shiga tekun wurin, igiyarsa na da ƙarfi sosai.