The Midnight Library: daɗin karatu akwai, amma marubucin ya yi mana wayo

Tauraro uku nake ba wa littafin nan cikin biyar, kuma tun yanzu in faɗa, zan tona wasu abubuwa na labarin, wanda bai karanta ba kuma baya son a ɓata mishi to ya tsaya a nan.

Matt Haig ne ya rubuta shi, ɗan Ingila, ya fito a 2020 kuma a shekarar ya ci kyautar Goodreads, shafin masu karatun littattafai na intanet, ta ƙagaggun labarai. Labarin Nora Seed ne, 'yar shekara 35 a garin Bedford, wadda duniya ta juya wa baya lokaci guda, magenta ta mutu, an sallame ta daga shagon kayan kiɗa da take aiki, yayanta Joe baya kula ta, ta ga kawai ba ta da wani amfani ta yi yunƙurin kashe kanta. Sai ta farka a wani laburare tsakanin rai da mutuwa, agogo ya tsaya cak a sha biyun dare, kowane littafi da ke wajen rayuwa ce da za ta yi da a ce ta zaɓi wani abu daban. Mai kula da wajen Mrs Elm ce, matar da ke riƙe da laburaren makarantarsu tana yarinya. Akwai kuma wani ƙaton littafi da aka tara duk nadamarta a ciki, wannan tunanin kam ya burge ni, don waye ba shi da irin nashi.

Wajen sauƙin karatu ba ni da ƙorafi. Shafi wajen 300 ne, babi gajeru gajeru wani ma bai cika shafi ɗaya ba, turancin ba mai sa ka neman ƙamus ba ne, kana cewa bari in ƙara babi ɗaya sai ka ga ka ci rabi. Littafin na sauraro kuma 'yar fim Carey Mulligan ce ta karanta, muryarta ta dace da Nora sosai.

Inda muka raba gari da marubucin shi ne yadda ya shirya rayuwoyin. Nora ta fasa auren Dan tana nadama, to ga rayuwar da ta aure shi sun buɗe mashaya a ƙauye, ashe mutumin mashayi ne kuma yana cin amanarta. Ta ƙi bin ƙawarta Izzy zuwa Ostareliya, ta je ta tarar a can Izzy ta mutu a haɗarin mota. Ta bar ƙungiyar waƙarsu, a rayuwar da ta zauna ta zama shahararriya Joe ne ya mutu. Haba! Duk ƙofar da ta buɗe sai an ajiye mata gawa ko maci amana a bayanta, to dole mana ta daina nadama, ai ba ita ta gane komai ba, marubucin ne ya riƙe alƙalami ya ɓata duk sauran hanyoyin don tata ta yi kyau. A zahiri kuwa wani lokacin hanyar da ka bari ɗin ita ce ta fi, kuma haka za ka haƙura ka rayu da sanin hakan, wannan ne abu mai wuya kuma littafin ya kauce mishi.

Ga wata matsalar, tana faɗawa kowace rayuwa ne ba tare da sanin komai na cikinta ba, ba ta san sunan abokan aikinta ba, a tura ta gaban jama'a ta yi jawabi kan abin da ba ta taɓa yi ba, ta yaya mutum zai ji daɗin rayuwar da yake ta kame-kame a cikinta kaman ɓarawo a gidan mutane? Ko rayuwar da ta yi kyau ɗin, wadda ta auri likita Ash suna da 'ya Molly a Cambridge, da wannan dalilin aka fitar da ita, wai ba ita ta gina ba.

Babin Svalbard, wasu tsibirai masu ƙanƙara a arewacin Norway, ne ya fi tsaya min a rai, inda take binciken ƙanƙara farin beyar ya tunkaro ta, tsoro ya kama ta ta gane ashe ba ta son mutuwa. Nan kam an ji gaskiya. Haig da kanshi ya yi fama da ciwon damuwa, ya ba da labarin a littafinshi Reasons to Stay Alive na 2015, shi ya sa shafukan farko suke da nauyi, mai irin wannan lalurar ya shiga a hankali. Daga tsakiya ne abin ya koma nasiha, kowane babi sai Mrs Elm ta yi mana fashin baƙi kaman ba za mu gane da kanmu ba.

Wanda yake son irin wannan jigon ba tare da wayon ba ya nemi Before the Coffee Gets Cold na Toshikazu Kawaguchi, na Japan, wani shagon kofi ne a Tokyo da ake komawa lokacin da ya wuce, amma dokar wajen ita ce duk abin da ka yi a can ba zai canza yau ba, kuma dole ka dawo kafin kofinka ya huce. Shi ma yana da maimaici mai gundura fa, dokokin nan sai an karanto maka su kusan kowane labari.